Dokta Ya Cinye Ganyen Sulhu

Juma'a, 10 ga Oktoba, da hantsi

Yau ake karanta sunaye a rediyo. Fankena ya ƙare tun kafin rana ta yi zafi, wake da kunu ma ko cokali bai rage ba. Na ce alamar alheri ce. Tanyi, mijina, ya ce alamar yunwa ce, ya ɗauki makullin tasi ya fice. Mutumin nan ko aljanna aka kai shi sai ya ce hanyar ba kwalta.

Boris, autana, ya goge takalmi har yana ɗaukar ido, alhali babu inda za shi. Maiwore kuwa, 'yar wan maƙwabciyata Delfin, tana bakin famfo tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Tare suka zauna jarrabawar shiga makarantar likitanci. A teburina suka yi karatunta, da kananzir ɗina in an ɗauke wuta, saboda haka na faɗa musu allura kyauta ce a gare ni har in mutu.

Wanda bai san halin da ake ciki ba shi ne Dokta, bunsurun da ni da Delfin muka haɗa hannu muka saya tun rani yana ɗan firit. Mun yi alkawari ranar da yaran suka ci, ranar zai shiga tukunya. Ni na ce kondire za a yi, a dafa shi da ɗanyar ayaba har ya yi lugub, yadda muke yi a garinmu Dschang, can Yamma. Delfin ta ce, "Manyi, ki ji tsoron Allah, a ɓata nama da ayaba? Miyar yakuwa da tuwon jar dawa." Na ce, "Madam Arewa, ku da kuke cin tuwo mai kalar bulo, har kuna da bakin magana?" Muka yi ta dariya har ta zubar da gyaɗar da take ɗurawa a kwalba.

Juma'a, bayan labarun yamma

An karanta. Maiwore tana ciki.

Batirin sabo ne, na ji komai sarai. Na jira ko akwai sauran shafi. Labarin ƙwallo suka shiga.

Asabar, 11 ga Oktoba, da rana

Lafiyata ƙalau. Fanke ya ɗan ƙone, laifin man ne, man yanzu ba kamar na da ba.

Jiya Delfin ta fara guɗa, ta kai rabi, ta dube ni, ta toshe bakinta da hannu. Ta ja yarinyar suka shige ɗaki, ta rufe ƙofa. Har yanzu a rufe take. Dokta yana nan da ransa.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan an taso coci

Matan ƙungiyarmu ta 'yan gida sun zo, sun cika falo har ƙofa. Haka ake yi. In abu ya faɗo wa mutum, a zo a zauna masa, a yi surutu, a ci, a zagi wanda ya kamata a zaga, har nauyin ya ragu. Wata ta zo da koki, alalen garinmu, wata da lemo, wata da bakinta kawai, ita ce ma ta fi aiki. Boris bai fito ba, sun gaishe shi ta jikin ƙofa.

Daga gidan da muke haɗa katanga ko tari ban ji ba. Shekara goma sha muna tare. Lokacin da mijinta soja ya rasu, wa ya kwana a tabarmarta? Ba gori nake yi ba, na rubuta ne kawai.

Tanyi ya zaunar da matan yana musu bayani kamar shi ya tsara abin. Wai kowane yanki da kasonsa, kuma asalin uba ake bi. Ya ce, "Mu 'yan Yamma yaranmu sun yi yawa a ƙofa ɗaya, kamar tasi a layin kasuwar Mokolo. Su can ƙuryar Arewa ƙofarsu ba cunkoso." Na ce ya je ya ci abinci.

A duk gwajin da aka yi musu a ajin share fage, Boris ne na ɗaya. Ita a tsakiya take zuwa. Ba don komai na rubuta ba, don dai a sani.

Talata, 14 ga Oktoba, da safe

Delfin ta daina kafa tiren gyaɗarta kusa da kaskona. Masu saye suna tambaya, ina ce musu ban riƙe mata ƙafa ba.

Yau dai ta aiko Maiwore da kwano. Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Mama Manyi, ina kwana," murya kamar sauro. Papa Tamo tela yana kan benci da kofin kunu. Ya ce, "A'a, ga likitar kaso! Yarinya, in na zo asibitinki, duk ciwon za ki cire ko kason yankinmu kawai?" Benci ya ɗauki dariya. Wani ya ƙara da cewa shi dai in ya ga likita daga yau sai ya tambayi garin ubansa kafin ya miƙa hannu.

Ni ina juya fanke. Fanke in ba a juya shi ba ƙonewa yake yi, kowa ya san wannan.

Da na ɗago, kwanon yana kan tebur, ita ba ta nan.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ruwa tun safe. Ban yi fushi da kowa ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da yamma

Tanyi ya zama rediyon gida. Duk fasinjan da ya sauke na ƙarshe, ra'ayinsa yake kawo mana a ci tuwo da shi.

Shekaranjiya ya ɗauki wata ma'aikaciyar jinya da ta yi aiki a Arewa, ya dawo yana cewa, "Manyi, kin san akwai inda mace za ta yini a hanya kafin ta ga likita? Yaranmu in an tura su can, wata uku sun nemo hanyar dawowa. Dole a koyar da 'yan can." Jiya kuma ya ɗauki direban wani babban mutum, ya dawo yana huci: "Ɗan mai gidansa a Bastos, unguwar masu kuɗi, aka haife shi, bai taɓa ganin karan dawa ba, da mota ake kai shi makaranta, amma da kason Arewa ya shiga! Wannan adalci ne?" Yau bai samu fasinja mai magana ba, sai ya ce shi gaba ɗaya ƙasar ce ba ta yi masa ba.

Na ce, "Tanyi, kai ra'ayinka nawa ne kuɗin sauka?" Har Boris na ji ya yi 'yar dariya a ɗaki. Ita ce ta farko tun ranar.

Asabar, 18 ga Oktoba, da sassafe

Na fita in ba Dokta ɓawon wake, na tarar da ɓawon gyaɗa a gabansa. Ashe ita ma tana ba shi, a ɓoye, kafin in tashi. Ni ma ba zan bari a ce rabina ya rame ba, na ƙara masa guntun fanke. Bunsurun nan shi kaɗai ne rikicin ya karɓa. Wuyansa ya kusa shanye igiya.

Kwanon yana nan. Na wanke shi, na kife a kan kabad. Mai shi ta san hanya.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da la'asar

An zo kirana sulhu. Tun da na haifi tagwaye na zama Manyi, aikin ya hau kaina, ko da yake su tagwayen sun yi aure sun bar ni da sunan. Uwar tagwaye in ta tsinko ganyen sulhu ta shiga tsakanin masu faɗa, ba mai sake ɗaga murya. Nawa yana nan a tsohon gwangwanin fenti a bakin ƙofa, daga gida na zo da irinsa.

Yau wasu 'yan haya biyu ne, a kan igiyar shanya. Na tsinki ganye ɗaya, na je, na taɓa kafaɗar wannan, na taɓa ta waccan, na yi musu faɗa daidai gwargwado, suka rungume juna suna kuka kamar an biya su. Ina fitowa tsohuwar mai gidan ta riƙe mini zane ta ce, "Manyi, ke kuma in taki ta taso, wa ke kawo miki ganye?" Na ce ni ba ni da faɗa da kowa. Ta ce, "To, madalla." Tsofaffin nan ba su da aikin yi.

Talata, 21 ga Oktoba, da rana

Yau ina tsince wake na tuna ranar da Maiwore ta sauka daga jirgin ƙasa, shekara biyu ke nan, da jaka ɗaya da wuya kamar na zalɓe. A ƙauyensu, can wajen Dukula, in ruwa ya cika makaranta rufewa take sai ya janye. Malamin kimiyya kuwa sun fi jin labarinsa da ganinsa. Ranar da ta ga littafin Boris ta tambaya, "Wannan duka naka ne, kai kaɗai?" Ya ara mata, ta kwafe shi da hannu tun daga bango har bango. Shi yana kiranta 'Yar Ƙauye, ita tana kiransa Farfesa.

Uwarta a kan hanyar asibiti ta rasu, a amalanken shanu, da cikin ƙaninta. Delfin ta faɗa mini wannan sau ɗaya, muna ɓarar gyaɗa, ba ta sake ba.

Na san duk wannan. Ni ma na sani kamar kowa. Amma nawa ɗan fa? Shi ma bai yi barci ba. Ni ma ba a mota na haife shi ba, a kan hayaƙin kaskon nan na yi masa makaranta, idona har yau ruwa yake yi. Sanin bai hana abin yi mini zafi ba, kuma yana yi.

Laraba, 22 ga Oktoba

Papa Tamo ya zo shan kunu. Na ce ya ƙare. Tukunya a cike take, yana kallo.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da magariba

Boris ya fito, ya yi wanka, ya cinye kwano biyu na shinkafa. Ina murna a raina, sai ya ce, "Mama, gobe Maiwore za ta bi jirgin yamma."

Na ce, "Ta je gaida mutanen gida kafin a fara karatu? Ya kyautu."

Ya ce, "Ba ta yi rajista ba. Ƙarshen wata ake rufewa. Ta ce ba za ta zauna a kujerar da duk unguwa ke cewa ta sace wa Farfesa ba."

Ashe ta katangar baya suke magana, wajen bunsuru. Ni ina nan ina gadin ƙofar gaba.

Na ce, "Kai me ka ce mata?"

Ya ce, "Na ce mata ba ta da hankali. Mama, ina jin zafi, wallahi kamar in fasa rediyon nan. Amma ni na koya mata, na san kanta. Abin da na yi shekara bakwai ina koyo, a shekara biyu ta kamo ni har ina jin numfashinta a bayana. In ta tafi, ba ni za a ba ba, kuma garinsu ba likita. To wa ya ci riba? Papa Tamo?"

Na ce ni ba ruwana, mutanen da suka zama manya suka rufe mana ƙofa, ko sannu.

Ya dube ni kamar ubansa in na taɓa masa madubin mota. Ya ce, "Mama, shekara nawa kina tare da Tupuri, mutanen su Mama Delfin? A wajensu ba a murna kusa da gidan da ake baƙin ciki. Ba a kuma damun mai baƙin ciki da surutu, sai shi ya fara buɗe baki. Mama Delfin ta haɗiye guɗarta saboda ke. Ta ɗauke tire don kada mutane su yi mata barka a gabanki. Kullum tana zaune a bayan ƙofa tana jira ki kira ta."

Na ce, "Ni? Ni take jira? Ni da nake nan ina jiran ta zo ta cika mini kunne?"

Ya ce, "To ku yi ta jira, jirgi dai ba ya jira."

Yaron nan rashin kunya ya koyo a makaranta. Da safe zan tsinki ganye. Ba don na yi laifi ba. Kwanon mutane ne ya daɗe a gidana.

Asabar, 25 ga Oktoba, da azahar

Wannan kam sai na rubuta shi.

Na fito da asuba, na tarar Dokta ya tsinke igiya. Yana tsaye a bakin ƙofata, ƙafa ɗaya a cikin gwangwanin fenti, yana tauna a natse kamar alƙali. Ganyen sulhuna! Wanda na ɗauko tun daga Dschang a cinya! Bai bar komai ba sai kara ɗaya, shi ma duk miyau. Na yi ihu, Tanyi ya fito da tawul, ya duba, ya ce, "To ai yanzu sulhun yana cikinsa, sai ki ja shi ku tafi."

Tun da na auri mutumin nan bai taɓa faɗin magana mai amfani irin wannan ba.

Na cika kwanon da fanke mai zafi, na ɗora a ka. Na soke karan a ɗankwali. Hannu ɗaya igiyar Dokta, ɗaya murfin tukunya, Boris yana biye da ludayi yana buga mini. Na tsaya a ƙofar Delfin na saki guɗar da na riƙe mako biyu, har karnukan unguwarmu Melen suka amsa.

Ta buɗe. Ta rame. Bayanta ga jaka a ɗaure, jakar nan dai ta ranar farko.

Na ce, "Madam Arewa, 'yarmu ta ci jarrabawa, an rasa mai faɗa miki ne?"

Ta ce, "Manyi..."

Na ce, "Kin bar ni ni kaɗai da matan ƙungiya, kin san kuwa yadda suke ci?"

Ta ce, "Na ce kada in taka miki ciwo."

Na ce, "Ciwon da ba a taka ba ai ruɓewa yake. Mu in kin ga mun yi shiru, to gaba ce."

Ta ce, "Mu kuma in kin ga mun yi surutu, to raini ne." Ta dubi kaina, ta ce, "Mene ne wannan a ɗankwalinki, rake?"

Na ce, "Ganyen sulhu ne, rabinki ya cinye." Ta dubi bunsuru, bunsuru ya dube ta, ya yi gyatsa. Nan muka zube a dokin ƙofa, dariya da kuka, ban san wanne ya fi yawa ba.

Maiwore tana tsaye jikin bango. Na zare karan na taɓa mata kafaɗa, na miƙa mata kwanonta. Na ce, "Ranar nan a bakin kasko, kan Papa Tamo ya kamata in juya da ludayi, ba kan fanke ba." Ta ce, "Mama Manyi, ai gaskiya suka faɗa, Farfesa ya fi ni." Boris ya ce, "Da sauranki dai, 'Yar Ƙauye. Ki je ki ɗumama mini benci, baɗi ina tafe, kuma sai na wuce ki." Na ce mata, "Kwance jakar nan. Kananzir ɗina ba zai tafi a banza ba. Kuma in kin gama, can gida za ki je ki yi aiki, allurata kawai za ki riƙa aiko mini."

Litinin, 27 ga Oktoba, da yamma

Tanyi ya kai mu rajista, ni da Delfin a baya, ita a gaba kamar matar gwamna. A hanya ya fara, "Ni fa tun farko ra'ayina..." muka ce masa ya kalli titi.

A dawowa na tsaya shagon Papa Tamo. Na ce shi zai ɗinka farar rigar likita, kuma ya auna da bakinsa a rufe. Ya ce, "Haba Manyi, wasa ne fa." Na ce kunu ma wasa ne. Ya ɗauko tef.

Boris ya je ya yi rajista a jami'a, sashen kimiyya, kafin baɗi. Shi kaɗai ya tafi, bai ce a raka shi ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba, bayan an watse

Dokta ya tafi. Tukunya biyu aka ɗora, rabi kondire, rabi miyar yakuwa, aka ja layi a tsakar gida kamar iyakar ƙasa. Mutanen Delfin suka cinye kondire, matan ƙungiyarmu suka share tuwon bulo har da neman ƙari. Tanyi ya ce duk wanda ya ci naman nan ba zai sake faɗa ba har Kirsimeti. Na yi rawa har ɗankwalina ya faɗi. Ba wanda ya kai ni guɗa, a tambayi kowa.

Da aka sa wa Maiwore farar rigar ana tafi, na hango Boris yana zagayawa da tire yana raba nama, sanye da takalmin nan da ya goge ranar Juma'ar. Yana dariya da kowa. Na ce bari in duba wuta.

Na zagaya baya, wajen turken da babu kowa yanzu, na zauna a kan gwangwanin fenti. Abin ya zo mini gaba ɗaya, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar rediyo. Can na ji takun Delfin. Na ce to, ga surutu ya zo, na fara share ido. Ta jawo bulo ta zauna kusa da ni, kafaɗarta a jikin tawa. Ba ta ce komai ba. Ta zuba mini gyaɗa a tafin hannu, muka yi ta ci, ana ta kiɗa a gaba.

Ashe shirun nasu ma yana da daɗi. Ba zan faɗa mata ba, kanta zai kumbura.